Allsvenskan: Gasar Suwidin da Magoya Baya Ke Riƙe da Linzaminta

A manyan gasannin ƙwallon ƙafa na Turai, idan ƙwallo ta shiga raga yanzu sai ka ga ɗan wasa yana murna yana waiwayen alƙali, shi kuma alƙali ya dafe kunne yana jiran abin da za a faɗa masa daga ɗakin na'ura. A babbar gasar ƙasar Suwidin, wadda ake kira Allsvenskan, babu wannan jiran. Da zarar alƙali ya nuna tsakiyar fili, an ci ke nan, magana ta ƙare. Ba rashin kuɗin sayen na'urar VAR, wato na'urar bidiyon da ke taimaka wa alƙali sake duba abin da ya faru, ne ya hana su ba, kuma ba ƙarancin masana ba. Magoya baya ne suka ce ba sa so, kuma a ƙasar nan idan magoya baya suka ce ba sa so, suna da ƙuri'ar da za su tabbatar da maganarsu.

A watan Afrilun 2024 ne shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar na wancan lokaci, Fredrik Reinfeldt, ya fito ya amince cewa ba zai kawo batun VAR gaban taro ba. Wannan mutum ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne firaministan Suwidin daga 2006 zuwa 2014, kuma tun da farko ya nuna cewa yana ganin na'urar ita ce makomar wasan. Amma daga cikin ƙungiyoyi 32 da ke buga rukuni na ɗaya da na biyu, 18 sun riga sun yanke a tarukansu na shekara cewa ba su yarda ba. Tsohon firaminista ya ƙirga ƙuri'u, ya ga ba ta da kai, ya janye. A watan Maris na 2025 ma kujerar ta kuɓuce masa, aka zaɓi Simon Åström.

Duk wanda yake son ya fahimci wannan gasa, daga nan ya kamata ya fara: wa ke da ƙungiyar? Amsar wannan tambaya ita ce ta haifar da kusan komai a Allsvenskan, daɗinta da ɗacinta.

A Suwidin, ƙungiyar wasa tun asalinta ƙungiyar jama'a ce. Ka biya kuɗin shekara, wanda bai taka kara ya karya ba, ka karɓi katinka, ka zama ɗan ƙungiya. Ranar babban taron shekara kana da ƙuri'a ɗaya, attajirin da ke zaune kusa da kai ma ƙuri'a ɗaya gare shi. A wannan taro ake zaɓen shugaba da 'yan kwamiti, a duba lissafin kuɗi, kuma kowane ɗan ƙungiya yana iya rubuto ƙudiri a karanta, a yi muhawara, a ɗaga hannu. Direban bas zai iya miƙewa ya tambayi shugaban ƙungiya dalilin da ya sa aka sayar da ɗan wasa kaza, kuma dole a ba shi amsa. Ta wannan ƙofa batun VAR ya bi: ƙungiyoyin magoya baya suka shirya, suka rubuta ƙudiri iri ɗaya, suka kai shi tarukan Malmö da AIK da Hammarby da Djurgården da IFK Göteborg da sauransu, ɗaya bayan ɗaya, har suka sami rinjaye.

A 1999 babbar hukumar wasanni ta ƙasar ta ba ƙungiyoyi damar kafa kamfani domin gudanar da harkar ƙwallonsu ta sana'a, amma da sharaɗi guda: uwar ƙungiya, wato ta masu kati, ita za ta riƙe rinjayen ƙuri'u a kamfanin. Wannan ita ce dokar kashi 51. Mai kuɗi zai iya zuba jarinsa, zai iya sayen hannun jari, AIK ma har a kasuwa ake sayar da hannayen jarin kamfaninta, amma ba zai taɓa zama mai gida ba. An yi yunƙurin sassauta dokar, musamman a 2013, lokacin da wasu shugabanni suka so a bar kowace hukumar wasa ta yanke wa kanta. Magoya bayan ƙungiyoyin da ba sa ga maciji da juna suka haɗa kai, suka bi ta tarukan ƙungiyoyinsu suka juya ra'ayin wakilai, dokar ta tsaya daram.

Masu bin ƙwallon Jamus za su ce ai a can ma akwai irin wannan. Haka ne, amma ta Jamus tana da ƙofofin baya. Leverkusen ta kamfanin Bayer ce, Wolfsburg ta Volkswagen ce, RB Leipzig kuwa ta zagaye dokar ta hanyar taƙaita yawan masu ƙuri'a. Manyan ƙungiyoyin Suwidin ba su buɗe irin wannan ƙofa ba. Mu da muka saba ganin yadda iyalan Glazer suka sayi Manchester United suka ɗora mata bashi, magoya baya suna ta zanga-zanga shekara da shekaru babu abin da ya sauya, ya kamata mu tsaya mu dubi wannan bambanci da kyau. Haka nan a gida, inda yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, mai goyon baya yana da murya a filin wasa amma ba shi da ita a wurin da ake yanke shawara.

Labarin Zlatan Ibrahimović ya isa misali. Yaron unguwar Rosengård ne a birnin Malmö, a Malmö FF ya tashi kafin Ajax ta saye shi a 2001, kuma babu ɗan ƙwallon Suwidin da ya kai shi suna. A watan Oktoban 2019 aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a gaban filin wasan Malmö. Ba a rufa wata biyu ba sai labari ya fito cewa ya sayi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jarin kamfanin Hammarby, ƙungiyar Stockholm, har yana cewa zai taimaka ta zama gagarabadau a yankin. Mutanen Malmö suka ɗauki abin a matsayin cin amana. Aka fesa wa mutum-mutumin fenti, aka yanke masa hanci, a watan Janairun 2020 aka sare shi daga idon sawu aka kayar da shi, dole hukuma ta ɗauke shi. Ɓarnar dukiya ba abin yabo ba ce, kuma har kalaman wariyar launin fata aka rubuta a wurin, abin da ya zama abin kunya ga waɗanda suka aikata. Amma akwai abin lura ta ɗaya ɓangaren: duk da sunansa da dukiyarsa, Zlatan bai zama mai Hammarby ba. Ba zai iya sauya mata launin riga ko suna ba, ba zai iya ɗauke ta ya kai wani gari ba. Masu kati ne da ita har gobe.

Tsarin gasar kansa ba shi da wuyar ganewa. An fara ta a kakar 1924 zuwa 1925, GAIS ta Göteborg ce ta zo ta ɗaya. Tun 2008 ƙungiyoyi 16 ke bugawa, gida da waje, wasa 30 kowace ƙungiya. Biyun ƙarshe suna faɗawa rukuni na biyu da ake kira Superettan, ta 14 kuma tana karawa da ta uku a Superettan domin neman gurbi. Ba na ɗaya da na biyu da na uku kaɗai ake bai wa lambar yabo ba, har na huɗu: zinare, babbar azurfa, ƙaramar azurfa, sai tagulla. Kofin da ake ɗagawa tun 2001 yana ɗauke da sunan Lennart Johansson, ɗan Suwidin da ya shugabanci hukumar ƙwallon Turai daga 1990 zuwa 2007. Kafin nan sunan Clarence von Rosen kofin yake ɗauke da shi, sai aka bankaɗo alaƙarsa da aƙidar 'yan Nazi, aka ajiye kofin aka ƙera sabo.

Abin da ya fi bambanta ta da gasannin da muka saba kallo shi ne lokacin buga ta. Sanyi da dusar ƙanƙara ba sa barin a yi ƙwallo a Disamba da Janairu da Fabrairu, don haka tun 1959 ana farawa ne a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu a gama a Nuwamba. Lokacin da gidajen kallo suke yin tsit saboda an tafi hutu a Ingila da Sifaniya, lokacin ne ƙwallon Suwidin take kan ganiyarta, rana ba ta faɗuwa sai dare ya yi nisa. Saboda yanayin ne kuma ƙungiyoyi da dama suka koma ciyawar roba, har da Hammarby da Djurgården da suke raba fili ɗaya a Stockholm, da Elfsborg da Häcken. Wannan ma rigima ce mai zaman kanta, domin 'yan wasa da yawa da masu kishin gargajiya ba sa ƙaunarta.

Wannan jadawali yana da illa da ba kowa ke lura da ita ba. Ƙungiya ta ɗauki kofi a Nuwamba, amma ba za ta buga wasan share fagen Gasar Zakarun Turai ba sai Yuli mai zuwa. Wata takwas ke nan, kuma a cikinsu an buɗe kasuwar 'yan wasa ta Janairu, ta bazara ma ta buɗe. Kafin ranar wasan ta zo, an saye mai cin ƙwallon, an saye mai tsaron bayan, wataƙila kocin ma ya tafi. Sau da yawa ƙungiyar da ke wakiltar Suwidin a Turai sunan zakara kawai take ɗauke da shi, mutanen da suka ci kofin sun watse. Idan kuma ta yi sa'a ta kai zagayen sili ɗaya ƙwale a Fabrairu, za ta fuskanci ƙungiyoyin da ke tsakiyar kakarsu, ita kuwa ko wasan lig ɗaya ba ta buga ba tun Nuwamba.

Ba haka abin yake a da ba, kuma a nan ne tarihin yake da daɗin ji. Har zuwa 1967 doka ba ta yarda a biya ɗan wasa albashi a Suwidin ba. A 1934 an kori Malmö FF daga gasar saboda an kama ta tana bai wa 'yan wasanta kuɗi. Wanda yake son ya ci abinci da ƙafarsa sai ya bar ƙasar, kamar yadda Gunnar Gren da Gunnar Nordahl da Nils Liedholm suka yi bayan sun ci zinare a wasannin Olamfik na 1948, suka tafi AC Milan suka zama taurari. Ko bayan an ɗage dokar, yawancin 'yan wasa sun ci gaba da aikinsu na yau da kullum da rana, su yi atisaye da yamma.

Da irin waɗannan 'yan wasa ne wasu matasan Ingila biyu, Bob Houghton da Roy Hodgson, suka sauya salon ƙwallon ƙasar a shekarun 1970. Suka kawo tsarin 4-4-2, da tsaron yanki maimakon bin mutum, da matsa wa abokin hamayya tun daga gidansa, da tarkon satar gida. Hodgson ya ɗauki Halmstad, wadda ake yi wa kallon 'yar dagaji, ya ci kofi da ita a 1976, ya sake a 1979. Houghton kuwa ya kai Malmö wasan ƙarshe na kofin Turai a 1979 a birnin Munich, da 'yan wasan da galibinsu 'yan yankin ne, inda Nottingham Forest ta doke su da ci ɗaya mai ban haushi ta hannun Trevor Francis. Har yau babu wata ƙungiya daga Suwidin ko maƙwabtanta Norwe da Denmak da Finlan da ta sake kaiwa wannan mataki.

Sai IFK Göteborg. A 1982, ƙarƙashin Sven-Göran Eriksson, wanda daga baya ya horar da Lazio da tawagar Ingila, ƙungiyar tana cikin matsin kuɗi har ta kai ƙungiyar magoya bayanta ce ta taimaka da kuɗin tafiya wasan Valencia. A haka suka kai wasan ƙarshe na kofin UEFA, suka ci Hamburg 1-0 a gida, suka bi ta har Jamus suka zura mata 3-0. A 1986 sun lallasa Barcelona 3-0 a wasan daf da na ƙarshe na kofin Turai, sai dai Barcelona ta rama 3-0 a gidanta ta kuma fitar da su a bugun fenareti. A 1987 suka sake ɗaukar kofin UEFA a hannun Dundee United. A kakar 1994 zuwa 1995 sun zo na ɗaya a rukunin da ya haɗa da Barcelona da Manchester United, bayan sun doke United 3-1 a filin Ullevi. Tsofaffin magoya bayan United ba su manta ba.

Daga nan labari ya sha bamban. Hukuncin Bosman na 1995 ya ba 'yan wasa 'yancin tafiya kyauta idan kwantiraginsu ya ƙare, ya kuma cire iyakar yawan 'yan ƙasashen Tarayyar Turai da ƙungiya za ta iya sawa. Kuɗin talabijin ya yi ta kwarara zuwa ƙasashe biyar masu yawan jama'a, wato Ingila da Sifaniya da Italiya da Jamus da Faransa. Suwidin, mai mutum miliyan 10 da ɗoriya, ba ta da kasuwar da za ta yi gogayya. Malmö ta shiga rukunin Gasar Zakarun Turai a 2014 da 2015 da 2021, amma abin da aka fi tunawa shi ne 8-0 da Real Madrid ta yi mata a Disamban 2015. An ɗan ga haske nan da can: Östersund ta Graham Potter ta doke Arsenal 2-1 a Landan a Fabrairun 2018 duk da ba ta tsallake ba, Djurgården kuma ta kai daf da na ƙarshe a gasar Conference a 2025 kafin Chelsea ta cire ta.

A nan ne masu adawa da dokar kashi 51 suke samun abin faɗa, kuma maganarsu tana da nauyi. Suna cewa babu mai hankalin da zai zuba maƙudan kuɗi a inda ba shi da ta cewa. Suna nuna maƙwabciyarsu Denmak, inda ƙungiyoyi kamfanoni ne: FC Copenhagen ta kai zagayen 'yan 16 na Gasar Zakarun Turai a kakar 2023 zuwa 2024 bayan ta doke Manchester United 4-3, Midtjylland ta sami masu jari da suka gina ta, Nordsjælland kuma ta haɗu da makarantar Right to Dream ta Ghana wadda ta fito da Mohammed Kudus. Me ya sa, in ji su, Suwidin da ta fi Denmak yawan jama'a za ta zauna a baya?

Ni ban gamsu cewa dokar ce ta jawo koma bayan ba. Dubi Bodø/Glimt ta Norwe, daga wani ƙaramin gari can ƙuryar arewa, wadda ita ma ƙungiyar masu kati ce, ba ta wani attajiri ba. Ta kai daf da na ƙarshe a gasar Europa a 2025, ta kuma shiga Gasar Zakarun Turai. Abin da ya ɗaga ta shi ne haƙuri da koci guda, Kjetil Knutsen, da tsari guda, da iya sayarwa da iya maye gurbi. A can Victor Boniface ya fara taka leda a Turai. Wato rashin attajiri ba ya hana ƙungiya girma idan an iya tafiyar da ita. Sannan attajiri ba kullum alheri yake kawowa ba. Ƙungiyoyi nawa ne a Turai mai kuɗi ya saya, ya yi wasa da su shekara uku, ya gaji ya tafi ya bar su da bashi?

Game da VAR ma Norwe ta nuna inda bambancin yake. Sun shigo da na'urar a 2023, magoya baya suka yi ta bore, har a Yulin 2024 aka dakatar da wasan Rosenborg da Lillestrøm saboda 'yan kallo sun yi ta jefa ƙwallayen tanis da wainar kifi cikin fili. A Janairun 2025 ƙungiyoyi 19 cikin 32 na manyan rukunai biyu suka zaɓi a cire ta, amma babban taron hukumar ƙasa ya yanke a ci gaba da ita. Abin da ya riga ya shiga gida fitar da shi aiki ne. 'Yan Suwidin sun tare ta ne tun daga bakin ƙofa.

Ba na cewa rashin VAR ba shi da farashi. Ana cin ƙwallon satar gida a Allsvenskan, ana hana fenaretin da kowa ya gani, kuma wata ƙungiya tana iya faɗuwa saboda kuskuren mutum ɗaya. Alƙalan ƙasar ma suna buƙatar sabawa da na'urar idan suna son busa manyan wasanni, kamar yadda Glenn Nyberg ya busa a gasar ƙasashen Turai ta 2024. Magoya bayan sun san duk wannan. Abin da suka zaɓa shi ne wasan ya kasance na mutumin da ya sayi tikiti ya tsaya cikin sanyi, ba na wanda ke kallo a allo ba. Mai kallo a talabijin yana ganin maimaici da layukan da ake ja. Wanda ke fili ba ya ganin komai, sai dai ya tsaya minti uku bai san me ake ciki ba. A ganina zaɓinsu yana kan hanya, kuma ko da bai kasance ba, hakkinsu ne su zaɓa tunda ƙungiyoyin nasu ne.

Sakamakon yana bayyana a filaye. A 'yan shekarun nan matsakaicin yawan 'yan kallo a wasa ya haura 10,000, abin da ya zarce na gasanni da dama da suka fi ta kuɗi da taurari. Ranar wasan farko na gida, magoya bayan Hammarby dubbai suke taruwa a unguwar Södermalm su yi tattaki zuwa fili, kore da fari ko'ina, yara a wuyan iyayensu, hayaƙi ya turnuƙe gada. Wasan AIK da Djurgården, waɗanda aka kafa su duka a 1891 makonni kaɗan tsakani har ake ce musu tagwaye, yana tara dubun dubatar mutane. Kafin a take wasa sai ka ga ɓangare guda na fili ya rufe da zane mai girman gida, wanda matasa suka kwashe makonni suna ɗinkawa da fentawa da kuɗin da suka tara a junansu, ba da sisin ƙungiya ba.

Wannan zafin kishi yana da baƙar fuska, kuma ɓoye ta rashin adalci ne. A watan Maris na 2014 wani magoyin bayan Djurgården, magidanci mai 'ya'ya, ya rasa ransa bayan an kai masa hari a Helsingborg kafin wasa, aka dakatar da wasan. A 2016, da Helsingborg ta faɗi daga gasar, wasu da suka rufe fuskokinsu suka shiga fili suka far wa Jordan Larsson, ɗan Henrik Larsson wanda shi ne kocin ƙungiyar a lokacin. Kunna wutar tartsatsi a cikin taro haramun ne a doka amma kusan kowane mako ana yi, ana tsayar da wasa sai hayaƙi ya washe, kuma takaddama tsakanin 'yan sanda da magoya baya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Akwai kuma haɗarin da ke cikin tsarin ƙuri'ar kansa: idan mutum ɗari kaɗan ne suka halarci taron shekara, gungun da ya fi shiri zai iya juya ƙungiya yadda yake so, ko da ba shi ne ra'ayin mafi yawa ba. Maganin wannan shi ne mutane su riƙa zuwa taro, ba a ƙwace musu ƙuri'a ba.

To, idan babu attajiri, kuma kuɗin talabijin bai kai ya kawo ba, da me ƙungiyoyin suke rayuwa? Da tikiti, da 'yan talla na gari, da kuɗin gasannin Turai ga wanda ya samu, sannan uwa uba da sayar da 'yan wasa. Allsvenskan kamar gonar dashe take: a nan ake renon iri, a wata gonar ake girbi. Alexander Isak ya bar AIK zuwa Dortmund a 2017 yana ɗan shekara 17. A 2025 Liverpool ta saye shi daga Newcastle a kan fam miliyan 125. Viktor Gyökeres da Dejan Kulusevski da Lucas Bergvall duk sun bi ta Brommapojkarna, wata ƙungiya a yammacin Stockholm da ba ta da tarin magoya baya amma ta shahara wajen renon yara. Bergvall ya ɗan taɓa a Djurgården kafin Tottenham ta ɗauke shi a 2024. Ɗan Suwidin da ke son ganin gwanayen ƙasarsu a lokacin da suka nuna, sai dai ya kunna gasar Ingila.

Ta wannan hanya ce kuma gasar ta zama tsani ga 'yan Afirka ta Yamma. Dokar FIFA ba ta yarda ƙungiya ta ɗauko yaro daga Afirka zuwa Turai kafin ya cika 18 ba, don haka da yawa suna sauka Suwidin da zarar sun cika, su koyi tsari da juriya a gasar da ake ba matashi dama. Peter Ijeh na Najeriya shi ya fi kowa cin ƙwallo a 2002, da ƙwallo 24 a rigar Malmö. Abdul Majeed Waris, ɗan Tamale a arewacin Ghana, ya ci 23 a Häcken a 2012, John Owoeri kuma ya zama gwarzon masu cin ƙwallo da Häcken ɗin a 2016. Odilon Kossounou na Kwaddibuwa daga Hammarby ya wuce Club Brugge, daga can Leverkusen. Namu na kusa shi ne Alhassan Yusuf, haifaffen Kano, wanda ya shiga IFK Göteborg a 2018, ya ɗauki kofin ƙalubale na ƙasar da ita a 2020, ya koma Royal Antwerp a 2021 ya ci gasar Beljiyam a 2023, sannan aka kira shi Super Eagles a gasar cin kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa. Häcken ce kuma ke shirya Gothia Cup, gasar yara da ake yi a Göteborg kusan duk bazara tun 1975, inda ƙungiyoyi daga sassan duniya suke zuwa, masu farautar 'yan wasa suna zagayawa.

Barazanar da na fi jiye wa gasar ba daga attajirai take ba, daga kuɗin Turai take. Shiga rukunin Gasar Zakarun Turai sau ɗaya yana kawo abin da ƙaramar ƙungiya ba za ta tara a shekaru ba. Malmö ta shiga sau uku, ta tara dukiyar da ta yi wa kowa fintinkau, kuma daga 2010 zuwa 2024 ta ɗauki kofi sau 9. Yanzu tana da 24, IFK Göteborg 18, Norrköping 13, AIK da Djurgården 12 kowacce. Mutane sun fara tsoron kada ta zama kamar Bayern Munich da ta ci 11 a jere a Jamus. Duk da haka, daga 2007 zuwa 2025 ƙungiyoyi 10 daban-daban ne suka ɗaga kofin, ciki har da Kalmar a 2008 da Häcken a 2022, waɗanda ba su taɓa ci ba kafin nan.

Ta goman ita ce Mjällby AIF. Filinta, Strandvallen, yana Hällevik ne, ƙauyen masunta a gaɓar tekun Baltik a lardin Blekinge, wanda mutanensa ba su kai 2,000 ba. An kafa ta a 1939. A 2016 tana rukuni na uku, aljihu wayam, saura ƙiris ta gangara na huɗu. Wani ɗan kasuwa ɗan yankin, Magnus Emeus, wanda ke shugabantarta bisa zaɓen masu kati, ya dage kan kada a kashe abin da ba a samu ba, a reni yara, a sayar idan farashi ya yi kyau. Suka hau Superettan, suka dawo Allsvenskan a 2020, suka kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 2023, suka zo na biyar a 2024. Kocinsu a kakar 2025, Anders Torstensson, tsohon shugaban makaranta ne, mataimakinsa Karl Marius Aksum ɗan Norwe kuma digirinsa na uku a kan yadda ɗan wasa ke waige-waige yana karanta fili kafin ƙwallo ta iso shi. Tare suka sauya ƙungiyar daga mai dogon bugu da tsaron gida zuwa mai riƙe ƙwallo tana ginawa daga baya.

Ranar 20 ga Oktoban 2025 suka je Göteborg suka doke IFK 2-0, suka tabbatar da kofinsu na farko ana saura wasa uku. Sun gama kakar da maki 75, mafi yawa a tarihin gasar, wasa ɗaya tak suka yi rashin nasara cikin 30. Hammarby ta zo ta biyu, GAIS ta uku, Malmö da duk dukiyarta ta ƙare a ta shida. Tun kafin a gama kakar, Como ta Italiya ta riga ta saye mai tsaron ragarsu Noel Törnqvist, ta bar musu shi aro ya ƙarasa.